Hular Kwano da Kukan Iska a Kunnen Mai Babur

A ƙasar Fagam, da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Gwaram har a dangana da Birnin Kudu, babur ba abin ƙawa ba ne. Shi ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauye cikin dare, shi ke kai buhun riɗi kasuwar Sara, shi malamin firamare ke hawa zuwa makarantar da aka tura shi can bakin iyakar Bauchi. Lokacin da gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, mutanen birni sun koma Adaidaita Sahu. A nan kuwa, inda ƙauyuka da yawa sai an bi burji ko 'yar turba kafin a isa, har yanzu babu abin da ya maye gurbin babur ƙirar Boxer.

Duk da haka, in ka tsaya bakin titi kana ƙirga masu hular kwano, ba za ka gaji da ƙirga ba. In ka tambayi dalili za a ce maka zafi, ko a ce tsada, ko a ce ta ɓata kwalliyar mai zuwa ɗaurin aure. Amma akwai amsa guda da ta fi sauran nauyi, wadda tsofaffin 'yan acaɓa suka fi bayarwa: "Yallaɓai, in na sa hular nan ba na jin hon ɗin mota a bayana." Wannan magana ta cancanci a tsaya a kanta. Mutumin da ke raba titi da tirela da motocin kasuwa yana tuƙi da kunne kamar yadda yake tuƙi da ido, kuma yana da gaskiya in ya ji tsoron duk abin da zai raba shi da jinsa. Inda aka samu kuskure shi ne wajen gane ɓarawon. Abin da ke sace jin mai babur yana nan tare da shi ko da hula ko babu, wato iskar da yake ketawa.

An gwada zargin da ake yi wa hular. A Amurka, a tsakiyar shekarun 1990, wasu masu bincike biyu masu suna McKnight sun sa mahaya hamsin sun bi hanya, wani zubin da hula mai rufe fuska, wani zubin da buɗaɗɗiya, wani zubin babu komai a ka, ana yi musu sautin gargaɗi daga motar da ke biye da su ana ƙara ƙarfinsa har su ji. Ba a samu wani bambancin a zo a gani tsakanin mai hula da marar hula ba. Abin da ya kawo bambanci shi ne gudu: da an ƙara wuta, sai an ɗaga sautin kafin kowa ya ji shi. Dalilin a fili yake. Hular tana rage hon, amma tana rage hayaniyar da ke kewaye da hon ɗin ma, don haka ratar da ke tsakaninsu ba ta canja sosai.

To, nawa ne ƙarfin wannan hayaniya? Wani likitan kunne ɗan Birtaniya, Andrew McCombe, ya ɗauki lokaci cikin shekarun 1990 yana auna ta da ƙaramar makirfo a kunnen mahaya. In ana tafiya a hankali, ƙarar inji da ta taya ce ke kan gaba. Daga wajen kilomita 60 a awa iska ke karɓe ragama, kuma a wannan gudun ya samu kimanin desibel 90 a cikin hula, yana hawa har 110 a gudun kilomita 160. Babu mai Boxer da zai ga 160, amma 80 abin yau da kullum ne a shimfiɗaɗɗiyar kwalta tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, kuma in aka bi yadda alƙaluman nasa ke hawa, 80 na faɗawa wajen desibel 96.

Ma'aunin desibel yana da yaudara ga wanda bai saba da shi ba. Hirar mutum biyu a zaure tana wajen 60, sai mutum ya ɗauka 90 ɗan ƙari ne kawai. Alhali duk ƙarin 3 na nufin ƙarfin ƙarar ya ninka. Shi ya sa hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta tsara ƙa'idarta haka: awa 8 a desibel 85, awa 4 a 88, awa 2 a 91, awa 1 a 94, minti 15 kacal a 100. Wato mai tafiya a gudun 60 yana da kamar awa biyu da rabi a yini kafin ya cinye rabon kunnensa, mai gudun 80 kuwa bai cika minti arba'in ba. Ɗan acaɓan da ya fito bayan sallar asuba ranar kasuwa ya ƙare nasa rabon tun kafin hantsi ya dubi ludayi, ga sauran yini a gabansa. Kuma kunne ba ya ware lissafin babur daban. Yana haɗa shi da na injin niƙa, da na janareta, da na lasifikar gidan biki.

Akwai ƙarin da mu ke da shi a nan wanda ba ya cikin lissafin Turawa, wato hunturu. Kunne bai san abin da allurar gudu ke nunawa ba, gudun iskar da ke dukansa ya sani. Wanda ya fuskanci arewa maso gabas da safiyar watan Janairu yana tafiyar 60, iska kuma na taho masa da 20, kunnensa na shan ƙarar mai gudun 80.

Marar hula bai tsira ba, shi ne ma a gaba wajen shan duka. A 2017 likitocin asibitin Henry Ford da ke Detroit sun shiga ɗakin gwajin iska na kamfanin motoci na Ford da masu keke, kunnuwansu a waje, suka auna kusan desibel 120 a iskar da ta kusa kilomita 100 a awa. Hular zanna ko ta sanyi ba ta sauya wannan da yawa.

Ɓarnar tana faruwa can ciki, bayan dodon kunne, a wani naɗaɗɗen bututu ƙarami mai ɗauke da 'yan ƙwayoyin gashi kimanin 16,000. Su ke mayar da motsin sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke karantawa. Ƙara mai yawa na gajiyar da su, shi ya sa mutum kan sauka daga doguwar tafiya ya ji kunnensa ya yi dum, ko yana masa shuu, zuwa safiya ya washe. In aka maimaita haka shekara da shekaru sai su fara mutuwa, kuma a jikin ɗan Adam wanda ya mutu ba ya sake tofowa. Babu allura, babu saiwa, babu man da ake ɗigawa ya dawo da shi.

Abin da ya sa ba a farga da wuri shi ne yadda ciwon ke shigowa. Ba ya zafi, ba ya jini. Siraran sautuka ne ke fara tafiya, irin su s da sh da ts da f, wasula kuwa suna nan daram. Sai mutum ya riƙa jin murya sarai amma kalmomin na kuɓuce masa. A ɗaki shi da mutum ɗaya lafiya lau. A kasuwa, ko a majalisa inda baki uku ke magana lokaci guda, sai ya koma murmushi da gyaɗa kai. Fasinja ya ce Sara, ya ji wani gari daban. A gida a ce maigida ya koyi share mutane, ko a ce tsufa ne, alhali bai kai arba'in da biyar ba. Wasu kuma ƙugin da a da yake wucewa kafin safiya sai ya tare dindindin, ya fi damunsu da dare in gari ya yi tsit. Akwai inda ake auna ji, kamar sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, kuma wanda ke kusa da Birnin Kudu zai iya farawa da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke garin. Sai dai mafi yawan abin da za a iya yi wa wanda ya riga ya rasa shi ne na'urar ƙara ji, wadda kuɗinta da na batirinta ba na ɗan acaɓa ba ne.

Yanzu sai batun zaɓen hula, kuma a nan dole a tuna yadda muka fara da ita. Ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta soma tilasta sa hular kwano ga mai babur da fasinjansa. A Kano har BBC ta ba da labarin masu kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai. An yi dariya, an wuce, amma abin ya bar mana gado: mutane suka ɗauki hular a matsayin takardar wucewa shinge. Kasuwa ta ba su abin da suke nema, wato roba marar nauyi mai kamar hula, da hular magina wadda aka yi don tare bulon da ya faɗo daga sama, ba don kan da zai daki kwalta ba. Irin waɗannan su ne mafi ƙara, domin suna lilo a ka, iska na shiga ta ko'ina. Wanda ya gwada su ya ce hula na hana shi ji, abin da ya ji ya faɗa.

Hula ta gaskiya tana da ɓawo mai tauri a waje, da farin soso mai kauri a ƙarƙashinsa, irin wanda ake tallafe sabon firiji da shi a kwali, sannan laushin da ke taɓa fata, da igiyar haɓa mai ƙarfi. Farin soson nan shi ne ran hular, shi ke murƙushewa ya shanye bugun. Nazarin cibiyar Cochrane na 2008, wanda ya tattara bincike masu yawa, ya nuna hula na rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kashi 69. Alamomin inganci da za a nema su ne harafin E cikin da'ira da aka ɗinke a jikin igiyar haɓa, wato ƙa'ida ta 22 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ko tambarin ISI na Indiya, ko DOT na Amurka. Sitika abu ce mai sauƙin bugawa, don haka kada a tsaya a kanta. A ɗaga laushin ciki a duba kaurin soson, a ja igiyar da ƙarfi, a ji nauyin hular a hannu.

Sai dai duk waɗannan alamomi shaida ce kan bugu da igiya da gilashi. Ba su yi wa kowa alkawarin shiru ba. Kamfanin Schuberth na Jamus yana da ɗakin gwajin iska na kansa a Magdeburg, kuma yana tallar hulunansa da ƙarancin ƙara, amma ko su alƙaluman da suke bugawa suna sama da desibel 80 a gudun 100, farashin kuma ya kusa na babur ɗin kansa. Ƙarar iska mai kauri ce, irin ta rugugi, kuma irin wannan sauti yana ratsa ɓawo da soso cikin sauƙi. Saboda haka hula marar ƙara ƙwata-ƙwata babu ita a kasuwar Kano, babu ita a ta Landan. Akwai dai wadda ta fi wata, kuma abin da ke bambanta su mai babur a Fagam zai iya dubawa da hannunsa.

Masu bincike a Jami'ar Bath da ke Ingila sun bi diddigin inda ƙarar ke fitowa, suka wallafa a 2011 cewa babbar kafarta ita ce ƙarƙashin hula, wajen haɓa da wuya, inda iska ke murɗawa ta kutsa. Kamar yaro ne ke busa bakin kwalba, ramin da ke tsakanin wuya da hula shi ne bakin, kunne kuma na cikin kwalbar. Duk mai hula zai iya tabbatarwa: a miƙaƙƙiyar hanya da babu kowa, ya ɗan ɗaga kafaɗunsa su toshe gefen wuya, zai ji rugugin ya faɗi nan take. Daga nan sauran shawarwarin ke fitowa.

Na farko, girma. Mutanenmu sun fi son hula mai yalwa, don ta sha iska, don kuma a iya cusa ta a kan zanna. Wannan ya haɗa asara biyu, ga ƙara, ga hular da za ta fice ta bar kan a lokacin da ake buƙatarta. A je wurin tela ya zagaya tef ɗinsa a kai, ɗan sama da gira. Santimita 57 zuwa 58 shi ne M a yawancin kamfanoni, 59 zuwa 60 kuma L. Sabuwar hula ya kamata ta matse kumatu ba tare da ta sa ciwon goshi ba, in an girgiza kai ta tafi tare da shi, in an ɗaure igiya kada fiye da yatsa biyu su shiga ƙarƙashin haɓa. Hular gargajiya a sa ta a aljihu ko a jaka, a ɗora in an sauka.

Mai rufe fuska gaba ɗaya ta fi buɗaɗɗiya shiru, ta kuma tsare muƙamuƙi, wanda sau da yawa shi ke fara isa ƙasa. Wadda ake ɗage gabanta tana da mahaɗai da yawa, kowane mahaɗi kuma wurin fito ne. Gilashi ya zauna daidai a kan robarsa, domin wanda aka bari a ɗan buɗe ko wanda maƙalinsa ya saki ya fi kowa ihu. Duk wani ƙaho ko baki mai tsini da aka ƙawata hula da shi yana yanka iska ya ƙara hayaniya, santsin ɓawo ya fi. Amma ba zan ɓoye matsalar bazara ba. A watan Afrilu, rana na dukan digiri 40, kulle kai cikin rufaffiyar hula da toshe kafofin iskarta azaba ce, kuma duk shawarar da ta yi watsi da wannan a kan madubin babur za ta ƙare a rataye. A ganina gara a buɗe kafofin a sha ɗan ƙarin ƙara, ko ma a sa buɗaɗɗiya mai inganci wadda ta rufe kunnuwa, a nemi kariyar ji ta wata hanya.

Toshe wuya kuwa ba sai an saya ba. Rawani ko ƙyallen da ake naɗawa saboda ƙurar hunturu yana yin aikin, in an cusa shi ya cike tsakanin hula da kafaɗa. A tura bakinsa cikin riga sosai, domin ƙyalle mai reto kusa da sarƙa da waya ya sha kayar da mutane. Hular gwanjo kuma a yi hattara da ita: laushinta ya riga ya kwanta da siffar kan wani, kuma ba a san ko soson ya taɓa shan bugu ba, shi kuwa sau ɗaya yake aiki.

Babur ɗin ma yana da nasa hannu. Wasu na ƙara masa gilashin gaba don ado, amma gajeren gilashi kan tattara iska ya watso ta daidai wuya, ya fi babu muni. Salansar da aka fasa don ta yi amo kuwa, mai ita ne kaɗai ke jin ta daga safe har dare, ta kuma cinye ɗan hutun da kunne zai samu a tafiyar hankali cikin gari.

Abin da McCombe ya ƙare a kansa, bayan duk gwaje-gwajen huluna, shi ne mafi araha: matoshin kunne na soso, irin wanda ma'aikatan masana'antu ke sawa. Ana murza shi da yatsu ya sirance, a ja kunne sama da ɗaya hannun, a tura shi ciki, a riƙe har ya kumbura. In ya zauna daidai yana iya rage desibel 20 ko fiye, kuma duk wanda ya tuna lissafin ninki ya san wannan ya mayar da minti arba'in yini guda. Auduga, wadda wasu ke cusawa lokacin sanyi, tana tare iska mai sanyi amma kaɗan take ragewa daga ƙara.

Na san abin da za a ce: wanda ke tsoron hula ta hana shi jin hon, yaya za a ce ya toshe kunne? Amsar ta danganta da gudu. A cikin gari, ko a cunkoson kasuwa inda ake tafiyar hawainiya ana jin kiran fasinja, matoshin na iya rage abin da ake buƙatar ji, kuma a can iska ba ta kai ta yi ɓarna ba, sai a cire. A doguwar hanya kuwa, inda rugugi ya riga ya cika kunne, gwajin McCombe ya nuna mai matoshi ba ya kasa marar shi wajen tsinkayar sautin gargaɗi, yakan ma fi shi in gudu ya yi yawa, domin kunnen da ba a cika masa aiki ba ya fi iya tsince hon daga cikin hayaniya. Madubi dai yana nan a matsayinsa, kuma abin takaici ne yadda ake kwance shi daga sabon babur tun ranar da aka fito da shi daga shago. A tsabtace hannu kafin a murza soson, a canja shi in ya yi dauɗa, kuma mai kunnen da ke zubar da ruwa ya ga likita tukuna.

Kishiyar matoshi ita ce iyafis. Samari da yawa yanzu da waya a aljihu, waƙa ko wa'azi a kunne, suna tafe. Don a ji waƙa a kan iska mai desibel 95 dole a ɗaga ta sama da haka, a cikin ramin kunne kai tsaye. Wannan shi ne abin da da gaske yake hana jin hon, kuma ban taɓa jin an kawo shi cikin ƙorafi ba.

Matsalar matoshin a wurinmu ita ce samu. Ba a cika ganinsa a shagon kayan babur na ƙauye ba, sai a wurin masu sayar da kayan kariyar ma'aikata a manyan birane irin Kano, inda ake sayar da shi kwali-kwali. Mutum ɗaya ba zai yi tafiya don 'yan soso biyu ba. Ƙungiyoyin 'yan acaɓa kuwa suna yankar tikiti kullum, suna kuma da shugabanni masu shiga birni. Kwali guda zai wadaci tasha guda na tsawon watanni, a raba a wurin da ake yankar tikitin, a samu ma'aikacin lafiya ɗaya ya nuna yadda ake sawa, domin wanda aka ɗora a bakin kunne ba a tura ciki ba kusan aikin banza yake yi.